Ɗamarar Gwiwar Baffa

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za a tattara mu. Wannan kowa ya faɗa a ƙofar gidanmu na Fagge ranar da aka yi wa Baffa sutura, ni ma na faɗa har leɓena ya bushe. Maganar da take biyo bayanta ce ta hana ni sakat. Duk dattijon da ya zo gaisuwa, in an yi addu'a an shafa, sai ya guso kusa da kunnena, ya rage murya, ya ce: to yanzu wa zai sa mu?

Wani tsohon dillalin atamfa, mutumin da ko ranar da gobara ta lashe masa rumfa bai zubar da hawaye ba, ya yi kukan da ya jiƙa tabarma har sai da aka kai ta rana. Na matsa ina ba shi haƙuri, ya ce in ƙyale shi, ba Baffa yake yi wa ba, Baffa ya huta. Kansa yake yi wa, don ya ga yadda yaran yanzu suke saka mamaci a kabari kamar masu sauke dila daga tirela. Akwai kuma waɗanda in sun shigo zaure sai idonsu ya kai kan wata ƙusa da ke jikin bango ta hannun dama, su ga ba komai a kanta, su yi maza su kawar da kai. A can gefen tabarma wani dattijo Ibo ya miƙe ƙafa ɗaya ya zauna tun azahar har rana ta yi sanyi, ko ruwa bai sha ba. Daga Sabon Gari ya taso, abokin Baffa ne tun suna samari, mu 'ya'ya Papa muke ce masa. Da zai tafi ya kama hannuna ya ce, "Na gaya masa ya daina cirewa."

Wanda bai san Baffa ba, ba zai gane ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun kafin mu ma a sa mu.

Baffa ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanmu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Baba ya yi magatakarda a kotu har ya ajiye aiki, yana zaune a benen gidan gado a Fagge, cikin littattafan kakanmu. Baffa ya koyar da Arabiyya a firamare, ya yi gidansa a Rijiyar Lemo. Amma ba da alli aka san shi ba. A bakin kabari aka san shi.

Kabarinmu uwa da 'ya ne. Masu haƙa su buɗe rami mai faɗi, shi ne uwa, sannan su tsaga siriri a tsakiyarsa, daidai kwanciyar mutum a kan gefensa na dama, ita ce 'ya. Wanda zai sa mamaci sai ya sauka cikin uwa, ya durƙusa a bakin 'ya, ya karɓa, ya kwantar, ya juyar da fuska alƙibla, ya jera itace, ya bi kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Duk wannan a kan gwiwa ake yinsa. Baffa ya yi shi tun gemunsa yana baƙi har ya koma kamar auduga. In samari suka miƙo gawa da garaje, ba ya ɗaga murya. Sai dai ya ɗaga hannu ya ce, "A hankali, baƙo ne." Na rantse in ya faɗi haka har tsuntsayen maƙabarta sukan rage surutu. In kuma wani ya dubi agogo, sai ya ce ƙasa ba ta taɓa gaggawa ba, mu ne masu gaggawa, kuma duk wurinta muke saurin zuwa.

Asalin abin kuwa, lokacin da kakanmu ya rasu Baffa yana can wani gari neman ilimi. Ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Baba ne ya sa mahaifinsu shi kaɗai. Da ya ga ƙanensa ya kasa cin abinci, sai ya dafa shi ya ce, "Ni na sa Malam, kai za ka sa ni. Mun raba." Baba na iya cewa lallashi ya yi. Baffa dai wasiyya ya ji. In ka tambaye ni, duk mutanen da ya sa a tsawon rayuwarsa, waɗanda in an tashe su za su cika kasuwar Kwari har su yi layi zuwa shataletalen Bata, koyon hannu yake yi da su, yana jiran ranar Yayansa.

Sai ƙasa ta fara karɓar hakkinta ta gwiwar hagu. Da farko ƙara ce kawai. In Baffa ya miƙe daga zaman tahiya a masallaci, sai ka ji kamar an taka busasshen karan dawa, har na sahun baya su waiwaya. Daga baya ciwo ya zo ya tarar da ƙarar. A miƙaƙƙiyar hanya zai yi tafiya har ka gaji ka bar shi, amma a ce ya sauka daga tudu, ko ya tashi daga tabarma, ko ya fito daga adaidaita bayan dogon zama a cunkoson Bata, nan za ka ga ya ciji leɓe. Inna, matarsa, ta yi gashi da ruwan zafi har tawul ɗin gidan suka ƙare. An shafa man kaɗanya, an shafa man da ba shi da suna, wanzami ya kafa ƙaho har gwiwar ta koma kamar garin da aka yi wa shuka. Kowa ya ce sanyi ne.

Ranar da na fara jin tsoro, wani maƙwabci muka kai. Baffa ya gama jera itace, ya dafa ƙasa zai miƙe, ya kasa. Ya sake, ya kasa. Mutane suka yi cirko-cirko, ba wanda ya san yadda ake miƙa wa mai rai hannu a cikin kabari. Ni da wani muka kama hammatarsa muka ɗago shi. A hanyar dawowa, ni da bakina ba ya zama a rufe, na ce masa Baffa, yau kam masaukin ya so ya riƙe mai rakiya. Na zaci zai daka mini tsawa. Sai ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ai ƙasar ta fara sabawa da ni." Dariyar da na tanada ta koma ciki.

Papa ne ya kawo maganar ɗamara. Yana sayar da kayan keken ɗinki a kusa da Bata, haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shi ma gwiwa ta kama shi, durƙuson coci ya fara gagararsa. Su biyun in sun haɗu, musu suke yi a kan gwiwar wa ta fi ƙara, kowa yana miƙewa yana zama don ɗan'uwansa ya ji. Wata rana Papa ya naɗe wando ya nuna masa wani baƙin abu da ya ɗaure gwiwa da shi, ya ce 'yarsa ce ta sa masa, tana aiki a sashen gashi a asibiti. Ya ce Malam, ka bar wanzami ya huta haka nan.

Ni na raka Baffa gidan Papa a Sabon Gari, bayan an ɗauki hoton gwiwar. 'Yar Papa ta ɗaga hoton a hasken taga ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ƙoƙon gwiwa yana da kwarin da yake zamewa a ciki duk sanda aka lanƙwasa ƙafa, bayansa kuma a shimfiɗe yake da guringuntsi mai santsi. Na Baffa ya cinye, amosanin gaɓa ya kama wurin, ƙoƙon kuma ya ɗan karkata yana gugar gefe guda, kamar ƙofar da ta sauka tana cin daɓe. Shi ya sa saukowa da durƙuso suka fi tafiya ciwo, don a nan ne ƙoƙon yake dannuwa da dukan nauyin mutum. Ta auna cinyarsa da ƙaurinsa, ta kawo wadda ta yi masa daidai: baƙa, mai kauri, da rami a gaba inda ƙoƙon zai leƙo, an zagaye ramin da wani abu mai taushi, sai maɗaurai masu mannewa irin na takalmin yara. Ta ce aikinta ta tallafi ƙoƙon, ta ɗan turo shi tsakiya, nauyi ya bazu, ciwo ya ragu, ƙafa ta ji akwai mai riƙe da ita. Ta ce amma ba ta mayar da abin da ya cinye. Ya riƙa sa ta in zai yi tafiya ko hawa da sauka, ya cire in zai kwanta, kada ya matse har jini ya kasa wucewa, kuma ya riƙa kwanciya yana ɗaga ƙafar a miƙe don naman cinya ya yi ƙarfi.

Baffa ya saurara kamar ɗalibin kirki. Tambaya ɗaya ya yi: zai iya durƙuso da ita? Ta ce zai iya, Baba Malam, amma durƙuson nan shi ne babban abokin gabar gwiwar. Ya ce alhamdu lillahi. Rabin farko ya ɗauka, ya bar mata rabi na biyu ta ajiye. Zancen ɗaga ƙafa kuwa, ya ce shi ba zai kwanta yana harbin iska kamar jaki mai birgima a gaban jikokinsa ba. Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini yana yi, in ya tura ƙofa ya sa sakata.

Baffa ne ya sa wa abin suna ɗamara, kuma ta yi masa rana. Jana'izar farko da ya je da ita ya durƙusa ya miƙe ba wanda ya taɓa shi, ya fito daga uwa yana kallona kamar ya ce maimaita maganar rannan in ji. Sai dai ya yi mata abin da mutanenmu suke yi wa duk abin da suka ga darajarsa: ya ajiye ta kamar rigar Sallah. Ya ce makami ba a yawo da shi kasuwa, abin da ka saba da shi kullum ba ya yi maka aiki ranar buƙata. Ya naɗe ta a ƙyalle ya sa ƙarƙashin matashi. Ba ta fitowa sai an yi rasuwa.

To ga inda matsalar take. A unguwa, in mutum ya cika, tun kafin a sanar a masallaci, tun kafin mata su fara kuka, Baffa ake fara aika wa. Shi kuma sai ya fito ya zauna a dakalin ƙofar gidansa, ya naɗe wando, ya ɗaura. Ba ya samun daidai a karon farko, sai ya ɓare maɗaurin ya sake mannawa. Wannan ɓarewar tana da wata ƙara, kyaaat, kamar an yage sabon likkafani. 'Yan majalisar da ke tsallaken layi suka lura ba a taɓa jin ƙarar nan an kai azahar ba a ji sanarwa ba. Tun ana faɗa da wasa har aka daina dariya. Suka sa mata Sammaci. In an ji kyaaat, mai shayi yakan tsaya da buta a sama, kowa ya shiga lissafa marasa lafiyar gidansu. Na san wani da yake fita ta bayan layi ya zagaya har titi, don kawai kada ya ga Baffa a kan dakali.

Gwiwa kuwa, da take samun tallafi sai ranar mutuwa, ta ci gaba da cinyewa a sauran ranaku. Papa ya zo har gida ya yi masa tas, ya ce 'yarsa ba ta ba shi don ya yi wa matashi ado ba. Baffa ya ji, ya fara ɗaurawa kullum. Ciwo ya lafa, har ya koma zuwa masallacin Juma'a da ƙafa. Unguwa ce ta rikice. Baffa mutum ne mai zuwa dubiya, ba ya jin wani na kwance ya kwana bai je ba. Ya shiga wurin wani tela da zazzaɓi ya kayar, telan ya hangi tudun ɗamara a ƙarƙashin wando, ya yi wuf ya tashi zaune ya ce shi fa ya warke, ya ma ci tuwo, a tambayi matarsa. Wata tsohuwa ta aiko jikarta ta tare shi a soro, wai ta gode, ta yafe dubiyar duniya da lahira. Mu muna dariya. Baffa bai yi ba. Ya ce mini mutanen da ya yi wa wankan iyayensu yau su suke ɓuya in sun ji takunsa.

Ana cikin haka zuciyar Baba ta fara ba shi wahala. Numfashi ya yi masa nauyi, ƙafafu suka kumbura. Muka yi juyin duniya ya sauko ɗakin ƙasa, ya ce a ɗakin da Malam ya cika zai cika. Matakalar benen nan kuwa tsohon gini ce, a tsaye take kamar bishiyar giginya, wanda ya gina ta ina jin akuyoyi ya yi wa. Kullum bayan la'asar Baffa zai hau adaidaita daga Rijiyar Lemo ya zo, ya hau, ya durƙusa a bakin gado ya gaida Yayansa. Gemunsa fari fat, amma bai taɓa zama a kujera a gaban Baba ba.

Wata rana ɗamarar ta zame masa a hanya, ya tsaya a zaure ya gyara. Kyaaat. Ƙarar ta bi matakala ta riga shi hawa. Ina ɗakin, na ga hannun Baba ya tsaya a kan carbi. Baffa ya shigo da sallama ya durƙusa, Baba bai amsa gaisuwar ba, ya kafe gwiwar da ido.

"Dubiya ka zo, ko awo ka zo yi?"

"Yaya, gwiwa ce kawai."

"Na yi aikin kotu, na san mai kawo sammaci ba shi da laifi. Ban hana ka zuwa ba. Amma wannan abin kada ya sake hawo mini bene."

Baffa ya ce to. A duk rayuwarsu ban taɓa jin ya ce wa Baba wani abu bayan to ba. Washegari ya zo da ƙusa a aljihu, ya kafa ta a bangon zaure. Daga ranar, in ya iso sai ya zauna a kan dakalin zaure ya riƙa ɓare maɗauran a hankali, kaɗan-kaɗan, yana tari don ya rufe ƙarar, ya rataye ta, ya kama bango ya hau. Hawan da sauƙi. Saukowar ce abin tausayi: gefe-gefe yake yi, ƙafar ciwo a gaba, ya tsaya, ya haɗiye, ya sake. In ya iso ƙasa rigarsa ta jiƙe kamar wanda ya faɗa kududdufi.

Na ce zan riƙa goya shi. Ya ce ranar da aka goya shi zuwa wurin Yaya, ranar Yaya zai san babu mai sa shi, kuma wannan labarin zai fi ciwon zuciya saurin kashe shi. Na je na sami Baba na fara kewaye-kewaye, ya ce wa ya ce masa lallai sai ya zo kullum? Baffa ya ji na yi maganar, ya kira ni gefe ya ce in na ƙara, ba shi ba ni. Papa ya yi faɗa har ya yi fushi ya daina zuwa na ɗan lokaci. 'Yar Papa ta aiko cewa in ma za a cire ta, to ba a kan matakala ba, nan ne inda aka fi buƙatarta. Duk ya ji, duk ya ce to, ya ci gaba da ratayewa.

Ba mutuwa yake tsoro ba, wanda ya wuni a gidanta ba ya tsoron ta. Tsoronsa kada gwiwar ta ƙare kafin ranar Yaya. Wata la'asar, yana mayar da ɗamarar bayan ya sauko, ya ce mini, "Ni ina roƙon Allah ya ja kwanan Yaya, ita kuma wannan tana roƙon a gaggauta. Kullum sai na tsawata mata."

Da damina abin ya faru. An yi ruwa da rana, takalman masu hawa sun jiƙa matakala. Ina zaure ina jiran ya sauko in raka shi titi, ɗamarar tana rataye a saitin kaina. Na ji ƙarar karan dawa da na saba ji, taka ɗaya, taka biyu, sai na ji wata ƙarar da ban taɓa ji ba. Na same shi a ƙasan matakala, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Bai yi ihu ba. Ya damƙe wuyan rigata ya ce kada Yaya ya ji. Daga sama Baba ya ɗaga murya yana tambayar mene ne ya faɗi. Baffa ya ja numfashi, ya daidaita murya, ya amsa da kansa daga inda yake kwance: "Buta ce, Yaya."

Ƙugu ne ya karye. Aka yi aiki, aka ce an dace, amma tsoho in ya kwanta kwanciya takan kira 'yan'uwanta. Ƙirji ya kama, zazzaɓi ya shigo. Na tambayi 'yar Papa ko da yana sanye da ita da bai faɗi ba. Ta ce ba za ta rantse ba, jiƙaƙƙiyar matakala tana kayar da mai lafiya ma. Abin da ta sani, gwiwa mai irin wannan ciwon takan saki mai ita in zafi ya soke ta a saukowa, kuma ɗamarar tana rage wannan zafin. Ta ce iyakar abin da za ta iya faɗa ke nan.

Baba ya ga la'asar tana zuwa tana wucewa ba sallamar ƙanensa. Ya tsare ni da idon magatakarda, na faɗa masa gaskiya. Sai ya tambaya, da ita ko babu ita? Na ce tana kan ƙusa. Ya juya fuska bango. Ita kuwa ta ci gaba da zama a inda take, don duk gidan an rasa mai hannun sauke ta. Masu shara ma kewaye wurin suke yi.

Maganar ƙarshe da Baffa ya yi mini mai ma'ana, ya ce in gaya wa Yaya ya yafe masa, ya saɓa alkawari. Ya cika da hantsi, Inna tana riƙe da hannunsa.

Aka kawo shi gidan gado don a yi masa salla a ƙofar gidan ubansa. Tsakar gida ta cika da mata, waje ya cika da maza har titi. Ana cikin haɗa shi aka ce Baba yana kirana. Na hau. Na same shi zaune a bakin gado, ya sa babbar riga, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce in je zaure in ɗauko. Ban tambayi me ba. Na sauke ta daga ƙusa, ƙura ta hau ta, har yanzu da lanƙwasar ƙafar mai ita. Na durƙusa na naɗe wa Baba wando na ɗaura masa. Ƙafarsa a kumbure take, ta matse, dole na ɓare in sassauta.

Kyaaat.

Tsakar gidan da take ta kuka ta yi tsit, kamar an ɗauke wuta. Can wata tsohuwa ta fara salati a hankali.

A kan kujera muka sauko da shi, muka sa shi a mota. A maƙabarta dattawa suka kewaye shi suna roƙo, suka ce Alhaji, numfashinka, ga 'ya'ya, ga ɗaliban marigayi. Ya ce shi ya sa Malam, aka raba, ƙanensa ya tafi ya bar masa kashi biyu, to zai ɗauka. Muka saukar da shi cikin uwa, ni ta dama wani ta hagu. Ya durƙusa. Na ji ƙirjinsa yana kaɗawa a jikin hannuna kamar ganga. Samari suka ɗago Baffa daga makara, suka miƙo da sauri don su rage wa tsoho wahala. Baba ya ɗaga hannu.

"A hankali," ya ce. "Baƙo ne."

Shi ya kwantar da kan, shi ya juyar da fuskar. Ya daɗe hannunsa yana ciki, yana faɗin abin da ba mu ji ba. Da muka zo ɗago shi jikinsa ya saki gaba ɗaya, na ga masu haƙa sun dubi juna sun dubi magirbinsu, wallahi na ga wannan da idona. Amma ya buɗe ido, ya ce a ci gaba da jera itace, kada a bar kafa.

Allah ya jiƙan Baffa. Yadda ya sauke bayin Allah a hankali, Allah ya sa an karɓe shi a hankali. Ya yalwata masa 'yar da aka sa shi, ya musanya masa gwiwar da ya ƙarar a kan mutane da wadda ba ta ciwo. Ya ba Inna haƙuri, ya ba Papa wani abokin musun, in akwai.

Da yammacin ranar na hau in cire wa Baba ɗamarar. Ta yi masa shaida a fata. Ya karɓe ta ya ajiye kusa da carbinsa, inda take har yau. Na yunƙura zan miƙe daga durƙuso, gwiwata ta dama ta yi 'yar ƙararta da ta soma tun bara, wadda nake cewa takalmi ne. Baba ya dube ni. Ya ce ya daɗe yana jin ta tun daga zaure. Ya ce gobe in je Sabon Gari a auna ni, wannan ba za ta zagaye cinyata ba ko an haɗa da ta Papa.

Na ce Baba, ai ni tawa ba ta kai nan ba.

"Kai za ka sa ni," ya ce. "Kuma kada ka kuskura ka rataye ta. Ka hawo da ita in ji."

Na je an auna ni. Yanzu kullum bayan la'asar nakan tsaya a zaure, a ƙarƙashin ƙusar da ba wanda ya cire, in naɗe wando in gyara ɗauri. Ƙarar takan riga ni hawa. Gidan yakan yi shiru, ni ma in yi shiru, ina sauraro, don akwai ranar da ba za a amsa ba. Sai can daga sama in ji gyaran murya.

"Hawo."